Uku Cikin Biyar na Nomau

Jiya da dare na yi wani mafarki, har yanzu kuma raina bai huce ba.

Sunana Tunau, awon hatsi nake yi a kasuwar garinmu, shekara talatin da ɗaya ke nan. Ban zauna a aji ba. Karatun boko da kaina na tsince shi, daga allunan shaguna da tsofaffin jaridun da muke shimfiɗawa a ƙarƙashin buhuna. Kwanakin baya wani tsohon malamin makaranta ya zo sayen dawa, ya manta da wani ɗan littafi a kan buhu, bai kuma dawo nemansa ba. Jerin kalmomi ne a ciki, kowace da bayaninta, a kan yadda mutanen Amurka suka kafa gwamnatinsu tun asali. Kullum in kasuwa ta yi sanyi bayan la'asar sai in ɗauki biyu ko uku in tauna: wakili, tarayya, tsarin mulki, rabon iko. Shekaranjiya na iso kan kalmar sasanci. Misalin da aka bayar shi ne, da suka zo ƙidayar jama'a don rabon kujerun majalisa, sai suka daidaita a kan a ƙirga bayi uku cikin biyar. Na rufe littafin. Mu a rumfar awo muna da sunan wannan aiki, tauye mudu, kowa kuma ya san abin da malamai suke faɗa a kan masu yin sa. Maganar ta kwana a cikina, ta sake yini, sannan ta biyo ni cikin barci.

Na tsinci kaina a ƙofar wani gari, kwanon awona a hammata. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi yana hawa sama, saboda haka mutanen garin suna sa malafa a ƙafa su bar kai a buɗe. Wandona ya jiƙe sharkaf, hulata a bushe.

A zauren ƙofar akwai tebur, bayan teburin wata jar akuya mai tabarau tana duba takardu.

"Sannu da aiki, ranki ya daɗe," na ce.

Ba ta ɗago ba. "Wakili ne kai, ko wanda ake wakilta?"

"Ina bambancin?"

"Wakili yana shiga ya yi magana. Wanda ake wakilta yana zama a waje a yi magana da sunansa."

"In wakilin bai faɗi abin da aka aike shi ba fa?"

"Ai shi ya sa muke liƙe tagogi."

Sai idonta ya kai kan kwanona. Ta ce ashe ni ne mai awon, wata huɗu ke nan ana jirana. Ta rubuta mini takardar shiga, ta buga mata hatimi, ta cinye ta, ta ce ta shiga fayil, in biyo ta.

Ta ce sunan garin Filadelfiya. Ni dai na ga ya fi kama da bayan tasharmu, sai dai gidaje goma sha uku ne kacal, kowanne ya juya wa ɗan'uwansa baya, an zagaye su da wata igiyar rama da ta fara ruɓewa. A tsakiyarsu rijiya ce babu guga.

"Ta kowa ce," in ji akuya. "Wannan shi ne tsohon tsari, ƙawance. Duk gidajen sun yarda a saka guga, kowanne yana jiran maƙwabcinsa ya fara kawo igiya."

"To da me suke sha?"

"Su durƙusa su buɗe baki a ƙasa in ana ruwa. Yanzu so ake a koma tarayya. Guga ɗaya na kowa, amma kowane gida da tulunsa."

Na ce wannan dai magana ce ta hankali. Ta ce in rage yawan yarda da wuri, ba a son haka a garin.

Can gaba muka tarar da jakuna uku an ɗaure wutsiyoyinsu wuri ɗaya, kowanne yana ja ta nasa gefen, babu mai motsi ko taku ɗaya. Akuya ta nuna su da gemu. Na farko yana yin doka, na biyu yana zartar da ita, na uku yana duba ko na farkon da na biyun suna cikin hayyacinsu.

"Ai ba sa tafiya," na ce.

"Don haka aka ɗaure su. Ran da ka ga su ukun sun nufi wuri ɗaya da gudu, ka kwashe iyalinka."

Na tsaya ina kallonsu. A raina na ce wanda ya yi wannan ɗauri ya san halin jaki, ya kuma san halin mutum. Wannan ne ma ya fi ɓata mini rai daga baya, don ba wawaye ne suka yi abin da suka yi ba.

Sai ga mu a bakin wani babban soro, an yaɓe tagoginsa duka da laka, zafi yana fita ta jikin bangon kamar tanda. Akuya ta ce in jira ta sanar da zuwana, ta shige.

A gindin bangon wani mutum yana zaune, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, baƙi, mai faɗin kafaɗa. Hannuwansa suna ta noma a iska, alhali babu fartanya.

"Sannu, ɗan'uwa," na ce.

"Yauwa sannu. Ka yi haƙuri ban ba ka hannu ba, ba su san an tashi daga gona ba. Kai ne mai awon?"

"Ni ne."

"To ni ne abin awon. Nomau sunana."

Ya ce su da yawa ne a gandun Talotalo, mai gida na biyar, amma shi aka kawo samfur, kamar yadda ake ɗibar ɗan gero a tafin hannu a yi cinikin buhu. Abin da kwanona ya faɗa a kansa, shi ya faɗa a kan kowa.

Na ce ya kwantar da hankalinsa. Na dafa kwanon na ce shekara talatin da ɗaya ban taɓa tauye wa kowa ko ƙwaya ba, yau kuwa sai na nuna wa mutanen cikin soron nan cewa cikakken mutum ne shi, har da tozo.

Nomau ya dube ni yadda ake duban wanda ya zo gaisuwar mutuwa da kalangu.

"Tsaya tukuna," ya ce. "Dubi can."

Bayan gari kogi ne, a wancan ƙetaren wata mata tana zaune a gindin giginya tana tsifar kanta. Daga ƙugunta wata siririyar igiya ta taso, ta ratso ruwan, ta zo har ƙofar soron, inda aka ɗaure ta a wani ƙaton gungume mai mariƙi, irin wanda in an juya shi yake naɗe igiya.

"Tabawa ce, matata. Lokacin kaka ta gudu ta haye. A can babu mai ita. Talotalo yana so a sa a cikin tsarin mulki cewa duk wanda ya gudu ya haye, a jawo shi a mayar wa ubangidansa. Kujera uku ta rage masa a majalisa maganarsa ta ci. Kujeru kuwa da yawan mutanen gida ake rabawa. In ka ce na cika kwano, ya sami biyar. In ka ce babu komai a ciki, bai sami ko ɗaya ba, igiyar nan ta ruɓe a inda take."

Na ce ban gane ba. Wa ke cewa shi cikakken mutum ne a cikin soron?

"Ubangidana."

"Wa ke cewa kai ba kowa ba ne?"

"Zalɓe, wanda ba ya ajiye bayi."

Na zauna a kan dutse, ruwa yana ta bi ta ƙafafun wandona yana wucewa sama. Littafin malamin bai faɗa mini wannan ba, ko kuwa ya faɗa fushi ya hana ni gani.

"Abin da nake roƙo kaɗan ne," in ji Nomau. "Ka zuba ni, ka leƙa, ka ce kwano fanko ne. Ai kun san dabarunku."

Mun sani kuwa. Babu mai awon da bai san su ba: a bugi gindin kwano ya lotsa ciki, a nutsa babban yatsa, a karkata baki a bar hatsi ya koma buhu yayin da ake jan mai saye da hira. Ubana ya nuna mini su duka ina ɗan shekara goma sha biyar, don in gane su a hannun wasu, sannan ya sa na rantse ba zan yi ba. Na gaya wa Nomau haka. Na ce in dube shi da idona, mutum mai suna, mai mata, in buɗe baki in ce babu kowa a nan, wannan ya wuce tauye mudu, kife shi ne.

"Kife shi ɗin nake so."

"Mutuncinka fa?"

"Ɗan'uwa, mutuncina ba a cikin kwanonka yake ba. Matata ce a bakin igiya."

Sai wata dabara ta faɗo mini, na ji har ƙirjina ya buɗe. Na ce ya bar mini, na ga hanyar da ba zan yi ƙarya ba, ita ma ba za a taɓa ta ba.

"Kada ka yi wayo," ya ce. "Na cikin nan sun fi ka shekaru a kai."

Kafin in amsa sai na gan mu a tsakiyar soron.

Wakilai sun cika benci, awaki da tumaki da tsuntsaye, kowa ya ɗora wata farar hular auduga mai nannaɗe, gumi yana tashi daga jikinsu yana taruwa a rufi. Wani tsohon Bunsuru ne shugaban taro, a gabansa tebur mai girgiɗi, a kan teburin doguwar takarda. Daga dama Talotalo ya baje wutsiya ya cinye wurin mutum uku. Daga hagu Zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya, don a ga bai taka ƙasa sosai ba.

Na leƙa takardar. Layin farko da sunan jama'a ya fara.

"Wace jama'a ke nan, ranka ya daɗe?" na tambayi Bunsuru.

"Ita muka kira ka ka auna. Wakilin gida na biyar, kai ke da magana."

Talotalo ya gyara murya. "Jama'a, ku dubi Nomau. Ido biyu, kunne biyu, yana dariya, yana kuka, na sha gani da idona. Wane mara tsoron Allah ne zai ce wannan ba mutum ba ne? Ni na ce a ƙirga shi cif."

Ban taɓa jin gaskiya ta fito da wari haka ba.

Zalɓe ya sauya ƙafa. "In mutum ne, me yake yi a takardar gadonka tsakanin garma da tukwane? In kuwa kaya ne, to ni ma a ƙirga mini jiragen ruwana, goma sha ɗaya ne, kowanne da sunansa."

"Jirginka yana sallah?"

"Naka yana zaɓe?"

Bunsuru ya buga ƙaho a tebur. Ya ce wata huɗu ke nan wannan ya ce biyar, wancan ya ce babu, yanzu abin da mai awo ya faɗa shi ne ya zauna.

Na ajiye kwano a ƙasa na durƙusa. Nomau ya matso ya sunkuya, sai ya fara zubowa ciki kamar gero, ƙafafu da farko, sannan baya, sannan hannuwa. Suka cika kwanon daidai baki. Zuciyarsa ta hau sama, bakinsa ya ɗare a kanta, suka yi tozo mai kyau, irin wanda nake yi wa tsofaffin mata in sun zo sayen na tuwon dare. Ban taɓa ɗaukar awo mai nauyinsa ba.

Bakin ya yi ƙasa da murya ya ce, "Fanko, ɗan'uwa. Kalma ɗaya ce."

Babban yatsana yana kan bakin kwanon. Karkatawa kaɗan ta isa. Na tuna ubana, na tuna rantsuwa, na tuna kuma dabarata, wadda a lokacin nake ganin ta fi duk abin da ke cikin doguwar takardar nan kyau. Na miƙe da kwanon a hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ya cika. Biyar cikin biyar, har da tozo."

Talotalo ya saki wani kuka na murna, wuyansa ya yi ja.

"Ban gama ba," na ce. "Tunda kujera biyar ɗin nan da jikinsa aka samo su, to nasa ne. Cikakken mutum ba ya buƙatar wani ya ara masa baki, ga nasa a sama kuna gani. A ba Nomau kujerunsa ya zauna, shi da mutanen gandu, su faɗi abin da za a yi da igiyar can."

Na ji daɗin kaina ƙwarai. Na juya wajen Zalɓe ina jiran ya mara mini baya, tunda shi ne mai ƙyamar bauta.

Zalɓe ya dubi bencin da ke kusa da shi, inda babu kowa. Ya dubi ƙafafun Nomau a cikin kwano, da faso da laka. Sannan a hankali ya sauke ɗaya ƙafar tasa ƙasa.

"A nan zai zauna?" ya ce.

"Nan ne akwai wuri," in ji Bunsuru.

Zalɓe ya taka ya ƙetare soron, abin da aka ce bai yi ba tun farkon taro, ya sa dogon bakinsa a kunnen Talotalo. Suka yi ƙus-ƙus. Na ji an ambaci jirage, na ji an ambaci harajin tashar ruwa. Ba su kai tsawon shan kofin ruwa ba suka dawo kafaɗa da kafaɗa.

"Mun sasanta," in ji Zalɓe. "Kowa ya rage, kowa ya samu. Ba biyar ba, ba babu ba. Uku."

"Uku ta ishe ni," in ji Talotalo. "Ni ba mai haɗama ba ne."

Na ce ai an ce abin da mai awo ya faɗa shi ya zauna. Bunsuru ya ce haka ne, an kuma gode mini, don ni na tabbatar akwai abu a cikin kwanon, da na ce babu da ba a sami abin rabawa ba. Tozo ne kawai taro bai amince da shi ba.

Akuya ta zo da kara a baki ta shafe bakin kwanon, yadda macutan kasuwa suke yi in mai saye ya waiwaya. Bakin Nomau ya faɗo gabana. Zuciyarsa ta gangara ta tsaya a ƙarƙashin tebur. Bunsuru ya leƙa, ya tura ta da kofato ƙarƙashin gajeriyar ƙafar teburin, ya jijjiga ya ji ya daina girgiɗi.

"Madalla," ya ce. "Yanzu a iya sa hannu."

Na ɗauke bakin na sa a aljihun gaba. Na ce musu ni Tunau na ga masu zuba tsakuwa a shinkafa, na ga masu jiƙa dawa don ta yi nauyi, amma ko ɗaya a cikinsu bai taɓa kiran taro ya ba abin suna mai daɗi ba. Ɓarawon kasuwa yana sunkuyar da kai in an kama shi. Su kuwa sun tauye mudu, sun rubuta yadda aka tauye shi, sun kuma ce jikoki su haddace. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Akuya ta rubuta duka, ta cinye.

A kusurwa na hangi wata kujera ta juya fuska ga bango. Na tambaya, aka ce kujerar na-ƙi ce, wanda ya hau ta yana iya tsayar da doka. Na ruga zan hau, ta matsa. Na sake bi, ta sake matsawa.

"Ta shugaban ƙasa ce," in ji akuya. "Ba a zaɓe shi ba tukuna."

"Wa zai zaɓe shi?"

"Gidaje, gwargwadon kujerunsu."

"Har da ukun nan?"

"Malam, kana saurin ganewa, amma kullum bayan an gama."

Ta ce sauran abu ɗaya, amincewa. Sai gida tara cikin goma sha ukun sun rufe ƙofa alamar sun yarda, sannan takarda ta fara aiki. Tana rufe baki na ji ƙofar farko ta buga.

Sai ga ni a wani ofis mai taga ƙarama, an rubuta Kwaskwarima a samansa. Akuyar nan ce dai a ciki, ta sauya tabarau.

"Na zo a gyara takarda," na ce. "An yi kuskuren awo."

"Naka ko nasu?"

Ƙofa ta huɗu ta buga.

Ta ce ana karɓar gyara, tsarin ma yana alfahari da hakan. Yanzu haka akwai takardar haƙƙoƙi da aka manta, za a liƙa ta a baya nan da 'yan shekaru, ta bakin magana da ta addini da sauransu.

"Ga bakin magana a aljihuna."

"Wannan ba ya ciki. Irin naka sai ka dawo bayan shekara saba'in da takwas. Ka zo da wuri, akwai layi, kuma za a yi yaƙi a kan layin."

"Matar fa? Yau za a jawo ta."

"Ai tsari ba ya gaggawa."

Ta miƙo mini lamba a ɗan guntun kwali, ta rufe taga. Ƙofa ta bakwai ta buga, ta takwas ta bi ta.

Na fito da gudu. A ƙofar soro na tarar an juye kwanona a ƙasa, abin da ke ciki ya tashi tsaye: ƙafafu biyu, baya, hannuwa biyu. Talotalo yana gefe a inuwa, an jera masa sababbin kujeru uku, ya zauna a ɗaya ya ɗora ƙafafu a biyu. Ya nuna gungumen da fiffike. Ƙafafun suka taka, bayan ya sunkuya, hannuwan suka kama mariƙi.

Ƙofa ta tara ta buga.

Gungume ya fara juyawa. Igiya ta taso daga cikin ruwa ta miƙe. A ƙetare na ga Tabawa ta zabura, ta rungumi giginya, igiya ta ɓamɓare ta, ta shiga ruwa har gwiwa.

Na kama igiyar da hannu biyu, na kafa dugadugai a laka, na ja baya iya ƙarfina. Ta ci tafin hannuna ta wuce kamar ba na wurin. Na saki na koma kan hannuwan, ina ɓamɓare yatsu ɗaya bayan ɗaya daga mariƙin, in na cire na biyar sai in ga na farko ya koma. Ina yi ina zagin Talotalo, ina zagin Zalɓe, ina zagin mai awon da ya fi son hannunsa ya fita da tsabta a kan matar wani.

Daga aljihuna bakin ya yi magana.

"Bari, ɗan'uwa. Ba za ka iya da su ba, na san su. Shekara arba'in ba su taɓa ajiye aiki a rabi ba."

"Nomau, da na ce fanko..."

"Wannan kai da Ubangijinka, ni ba ni da lokacinta yanzu. Ruwa ya kai mata ina?"

Na duba. "Ƙirji."

"Tana kallon nan?"

"Tana kallo."

"To ta ga bayana, ta kuma gane shi. Ɗaga ni sama yadda za ta ji."

Na ce in na ɗaga shi sai na saki yatsun, gungumen zai ƙara sauri. Ya ce ya sani. Na saki. Na ciro shi daga aljihu, na hau kan kwanona da ke kife, na miƙa hannu sama iyakar tsawona. Bakin ya buɗe a tafin hannuna, na ji ɗumin numfashinsa.

"Tabawa," ya kira. "Tabawa, ba ni nake ja ba."

Ta ɗago kai daga tsakiyar kogi. Ko ta ji ko ba ta ji ba, ban sani ba, don kukan gungumen ya rufe komai, ƙiii, ƙiii, kowane juyi ya fi na baya tsini. Bakin ya ce in ƙara ɗagawa. Na yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ya ja numfashi zai sake kira.

Kurar mai ruwa ce take wucewa ta bayan ɗakina, tayarta ɗaya ba mai tana ta ƙiii, ƙiii, jarkoki suna karo da juna. Gari ya waye. Ina kwance rigingine, hannuna na dama a miƙe sama, tafin a buɗe.